Gyambon ƙafar mai ciwon suga: me bincike ya tabbatar game da maganinsa?

Wani bawan Allah daga Unguwar Rogo a nan Jos ya aiko da tambaya a kan mahaifinsa, dattijo mai shekara 64 wanda ya yi shekara 11 yana fama da ciwon suga. Ya ce wata huɗu ke nan da miki ya fito masa a tafin ƙafa, ƙarƙashin babban yatsa, kuma duk da ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har kala uku daga kemis, ana kuma wankewa a shafa zuma kullum, mikin bai rufe ba, har ma ya fara wari. Yana so ya san ko binciken likitoci ya gano wani sabon magani mai ƙarfi da za a saya, don a kauce wa yanke ƙafar.

Malam, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Ni likita ne, na kuma shafe shekaru ina duba irin wannan ƙafa a nan Jos, saboda haka zan fara da abin da ya fi gaggawa. Mikin mai ciwon suga da ya kai wata huɗu har ya fara wari ya wuce aikin kemis da wankin gida. A kai Baba babban asibiti cikin kwanakin nan, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na Filato, ko Jankwano, duk wanda ya fi muku sauƙi. Idan kuwa akwai zazzaɓi, ko kaluluwa, ko kumburi yana hawa zuwa idon sawu, ko wani yatsa ya fara baƙi, ko sugan ya ƙi sauka, to, ba a jira gari ya waye. Ka lura kuma cewa jan da littattafan likitanci ke ambatawa ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Abin da za ka gani shi ne wurin ya ƙara duhu, yana sheƙi, kuma ya fi sauran ƙafar ɗumi.

Game da tambayarka, babu ƙwaya ko allura ko man shafawa guda ɗaya da bincike ya nuna yana rufe wannan gyambo shi kaɗai. Na san ba amsar da kake fatan ji ba ce, amma akwai sauƙi a cikinta, domin abubuwan da suka fi samun hujja a binciken shekarun nan ba su ne masu tsada ba, kuma yawancinsu ana iya yinsu a garin nan.

Suga mai yawa a jini na tsawon shekaru yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Abin yakan fara da tsikari ko raɗaɗi da dare, sai mutum ya riƙa jin kamar yana taka auduga, daga baya kuma ya daina jin komai. Ba na mantawa da wani dattijo da aka kawo mana cikin hunturu. Sanyin Jos ya dame shi, ya miƙe ƙafafu kusa da kaskon garwashi, barci ya ɗauke shi, kuma bai san ya ƙone ba sai da asuba da ya zo cire safa don alwala, ya ga ta manne da fata. Wani kuma ɓera ne ya ci yatsunsa da dare bai farka ba. Irin wannan ne yakan sa iyalai su ce an yi jifa ko an taka asiri, tunda ga ciwo babba amma ba wanda ya ga mafarinsa. A asibiti muna gwada wannan rashin ji da wani siririn zaren roba da ke lanƙwasawa a nauyin giram 10. Wanda bai ji taɓinsa a tafin ƙafa ba yana cikin haɗari, ko da bai taɓa samun miki ba.

Daga nan ne darasi mafi girma ya fito, kuma asalinsa daga kuturta ne. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a kudancin Indiya, ya nuna cewa yawancin gyambon kuturu da gutsirewar yatsunsa suna zuwa ne daga rauni da ake ta maimaitawa a gaɓar da ba ta jin zafi. Mai lafiya idan ya ji ciwo a tafin ƙafa ɗingishi yake yi, ɗingishin nan kuwa shi ke ba mikin hutu. Wanda ba ya ji zai ci gaba da taka mikin da dukkan nauyinsa sau dubbai a yini, ta yadda sabon naman da ya tsiro da dare kan murƙushe kafin azahar. Brand ya riƙa sa wa marasa lafiya siminti irin na mai karaya, wanda ke rungume ƙafa da ƙwauri ya raba nauyin, daga baya kuma aka ɗauki dabarar zuwa ga masu ciwon suga a Amurka. A wani gwaji da David Armstrong da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka sa wa simintin sun warke cikin mako 12, alhali masu takalmin asibiti da ake iya cirewa kashi 65 ne suka warke. Da suka bi sawun abin a 2003 da na'urar ƙirga taku, sai suka tarar masu takalmin suna sanye da shi ne a kashi 28 kacal na takun da suke yi a yini. Ashe babbar fa'idar simintin ita ce ba ya ciruwa.

Ba a sa wannan siminti a ƙafar da ke zubar da mugunya sosai ko wadda jini bai ishe ta ba, don haka mai yiwuwa Baba sai an fara shawo kan ƙwayoyin cutar. Amma hana mikin ɗaukar nauyi zai fara daga yau, da sandunan dogarawa ko keken marasa lafiya. A nan ne muka fi shan wahala da iyayenmu maza, domin dattijon da ya saba zuwa masallaci sau biyar a ƙafa, ya kuma leƙa rumfarsa a Taminus, yana ganin zama a gida kamar an binne shi da rai, ga shi kuma ƙafar ba ta yi masa zafi balle ta tuna masa. Ku lallashe shi, ku kuma nemi malaminsa ya yi masa bayanin rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya, kamar shafa a kan ɗauri da salla a zaune. Na sha ganin kalma ɗaya daga liman ta yi abin da bayanina na rabin awa ya kasa.

Sai batun jini. Wajen rabin masu wannan gyambo suna da ƙuncewar hanyoyin jini na ƙafa, kuma maganin da aka sha ko aka yi allurarsa ta jini yake bi ya isa ga mikin. Idan hanya ta toshe, ko nawa aka kashe a kan magani kaɗan ne ke isa. Likita zai taɓa bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu, idan da hali ya saurari gudun jinin da wata na'ura da ake kira Dofla. Tiyatar buɗe hanyar jini tana da tsada, masu yinta kuma ba su da yawa a ƙasar nan, amma sanin halin da jinin yake ciki ya zama dole, saboda shi ke nuna iya naman da za a iya yankewa lafiya. Idan Baba yana shan taba, barinta na cikin maganin.

Yanzu mu zo ga ƙwayoyin cutar, inda na ga ka fi sa rai. A tsohon miki, ƙwayoyin bakteriya ba sa yawo ɗai-ɗai. Suna taruwa su manne wa nama, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke ƙirƙira, wanda masana ke kira bayofim. Ka ɗauki misalin gansakukar da ke kama cikin randa. Ko sau nawa ka zubar da ruwa ka ɗauraye, tana nan, sai ka sa soso ka goge. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya duba nama da madubin ƙara girma mai ƙarfi, ya ga wannan yauƙi a kashi 60 cikin 100 na tsofaffin miki, amma kashi 6 kawai a sababbin raunuka. Ƙwayoyin da ke cikinsa suna jure magani ninkin ba ninkin abin da zai kashe su a fili, shi ya sa za ka ga mikin ya ɗan yi kyau lokacin shan magani, ya koma da an daina.

Soson a nan shi ne aska a hannun ƙwararre. Ana kankare mataccen nama da kantar da ta kewaye bakin mikin, wadda ke danna shi kamar tsakuwa a cikin takalmi, har sai an isa nama mai jini. Gwajin ɗakin bincike ya nuna yauƙin yana sake ginuwa cikin kwana biyu zuwa uku, don haka kankarewa sau ɗaya ba ta isa, akan maimaita ta yadda likita ya ga buƙata. Ina gargaɗinka tun yanzu cewa bayan kankarewar farko mikin zai fi yadda ka san shi faɗi da zurfi. Iyalai da yawa a nan suke firgita su ce an ƙara wa mutum ciwo, alhali girmansa na gaskiya ne ya bayyana. Kada kowa ya gwada wannan a gida da reza. Ku nemi a riƙa auna tsawo da faɗin mikin ana rubutawa, domin wani bincike na 2003 ya nuna cewa wanda bai ragu da kusan rabi cikin mako huɗu na kulawa mai kyau ba, da wuya ya rufe a mako 12, kuma hakan alama ce ta a sake duba abin da aka rasa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da muhallinsa, kuma idan lokacinsa ya yi yana ceton ƙafa da rai. Sai dai ƙa'idar da kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar mai ciwon suga, wato IWGDF, ya fitar a 2023 tare da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fito fili: ba a ba da shi ga mikin da ba shi da alamar harbuwa, domin kowane buɗaɗɗen miki yana ɗauke da ƙwayoyi, kuma maganin ba ya sa nama ya tsiro. Ana cewa miki ya harbu ne idan aka samu aƙalla biyu daga cikin kumburi, ja, ɗumi, zafi da mugunya. Idan harbuwar a fata da nama ta tsaya, mako ɗaya zuwa biyu yakan wadatar, sai dai idan ta yi faɗi sosai. Kafin a fara, ya kamata a ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaji, kuma wani bincike a Ingila a kan marasa lafiya wajen 400 ya nuna ɗan gutsuren nama daga ƙasan mikin ya fi shafa auduga a sama bayyana ƙwayoyin da ke ɓarna. Wannan ya shafe mu sosai, saboda a ƙasashen sanyi ƙwayar da ake kira Sitafilokokus ce ta fi yawa, amma a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya ana yawan samun wasu irinsu Sudomonas, waɗanda kafson da aka saba saya a kemis ba ya taɓa su. Shan magani kala uku ba tare da gwaji ba yakan kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, kuma wasu allurai da ake yi barkatai suna illa ga ƙoda, wadda dama ciwon suga ya riga ya raunana. Fasa kafso a barbaɗa garin cikin miki, kamar yadda ake yawan yi, ba shi da wata hujja.

Abin da ya fi damuna a labarin Baba shi ne wurin da mikin yake da daɗewarsa. Ƙarƙashin babban yatsa, ƙashi yana kusa da fata, kuma wata huɗu sun isa ƙwayoyi su kai gare shi. Akwai gwaji mai sauƙi da aka bayyana tun 1995: likita ya zura siririn ƙarfe mai tsafta cikin mikin, idan ya ji ya taɓa abu mai tauri da gautsi, akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa ƙashin ya kamu. Za a ɗauki hoton ƙashi, kodayake a makonni biyu zuwa uku na farko hoton yana iya fitowa lafiya, sai an maimaita. A da, jin cewa ƙashi ya kamu kusan hukuncin yankewa ne, amma bincike ya sassauta wannan. Wani gwaji a Madrid a 2014 ya nuna cewa a zaɓaɓɓun marasa lafiya masu isasshen jini, magani kaɗai ya yi kusan daidai da ƙaramar tiyata. A Faransa a 2015 an ga mako 6 na magani ya yi daidai da mako 12. A 2019 kuma wani babban gwaji a Birtaniya mai mutum 1,054 masu ciwon ƙashi da gaɓoɓi ya nuna maganin sha da aka zaɓa da kyau bai gaza na allurar jijiya ba. Ga iyalin da ke biyan kuɗin gado daga aljihunsu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Zuma tana da daraja a addininmu da al'adarmu, kuma kimiyya ba ta raina ta ba. Yawan sukarinta yana tsotse ruwa daga ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami da ba sa so, tana kuma fitar da sinadarin da ke kashe su a hankali. Ɗaya daga cikin rahotannin da aka fi ambatawa a duniya a kanta daga Najeriya ya fito: likitan tiyata Spencer Efem na Kalaba ya wallafa a 1988 cewa cikin mutum 59 masu raunuka da gyambo iri-iri da suka ƙi jin magani, 58 sun samu ci gaba da zuma. Sai dai bai kwatanta su da wani rukuni da ba a sa wa zumar ba, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan ƙafar mai ciwon suga ƙanana ne, masu rauni, har kwamitin da na ambata bai ba da shawarar amfani da ita don rufe wannan gyambo ba. Ra'ayina shi ne, a hannun ma'aikacin lafiya, bayan an kankare miki, zuma mai kyau tana iya zama abin rufe ciwo mai araha. Amma ba ta isa ƙashi, ba ta buɗe hanyar jini, ba ta ɗauke nauyi daga tafin ƙafa, ga kuma zumar kasuwa da ake haɗawa da sukari. Watannin da ake ɓatawa ana jiran ta yi aikin da ba nata ba su ne asarar. Toka, ruwan batir, sinadaran wanke banɗaki da jiƙa ƙafa a ruwan zafi kuwa, duk ƙona sabon nama suke yi. Ruwan gishiri na asibiti ya isa wanki.

Sababbin abubuwan da wataƙila ka gani a intanet akwai masu hujja a cikinsu, amma hujjar ba ta kai yadda ake tallarsu ba. Wani bandeji mai sinadarin sukuros oktasalfet, a gwajin mutum 240 a Turai a 2018, ya rufe kashi 48 cikin 100 a mako 20, bandejin da ba shi da sinadarin kuma kashi 30, amma a mikin da bai harbu ba aka gwada shi. Na'urar da ke zuƙe ruwan miki ta taimaka bayan tiyatar yanke wani ɓangaren ƙafa, inda kashi 56 cikin 100 suka warke a gwajin 2005, waɗanda ba a sa wa na'urar ba kuma kashi 39. Ɗakin iskar oksijin mai matsi ya nuna amfani a Suwidin a 2010, amma gwaje-gwajen Kanada da Holan daga baya ba su tabbatar da shi ba. Tsutsar ƙuda da ake kiwo cikin tsafta a ɗakin gwaji, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004, tana cinye mataccen nama da sauri, kodayake ba a tabbatar tana gaggauta rufewa ba. Akwai kuma ƙwayoyin bairos masu cin bakteriya, waɗanda wata cibiya a Tibilisi ta Jojiya ke aiki a kansu tun 1923, kuma ina sa musu rai saboda matsalar ƙwayoyin da suka daina jin magani, amma har yanzu a matakin gwaji suke. A gwaje-gwajen bandeji da na'urorin nan, kowane rukuni yana samun kankarewa da sauke nauyi tukuna, sabon abin ƙari ne a kai.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda aka yi tsakanin 2016 da 2017 a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Kano da Zariya da Keffi. Cikin mutum 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa, an yanke wa kashi 35 cikin 100 wani ɓangare na ƙafa, kuma wajen ɗaya cikin biyar sun rasu. Mafi yawansu sun zo ne bayan mikin ya haura wata guda, ya riga ya yi zurfi. Waɗannan alƙaluma suna yi mini nauyi a zuciya, domin na san fuskokin da ke bayan irinsu, kuma na san da yawansu tsoron yankewa ne ya hana su zuwa har yankewar ta zama dole. Idan likitocin Baba suka ce a cire yatsa ɗaya ko guntun ƙashi, ku saurare su da kyau kafin ku ɗauke shi zuwa gida, domin wanda aka cire wa yatsa yana tafiya da ƙafarsa, wanda kuwa ruɓa ta hau masa ƙwauri ko ta shiga jini maganarsa daban ce. Sauke sugan yana tafiya tare da wannan duka, kuma sau da yawa sai da allurar insulin a lokacin jinya, tare da abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da kifi, don ana gina sabon nama ne.

Idan Allah Ya sa mikin ya rufe, kulawa ba ta ƙare ba, domin wani nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 suna sake samun gyambo cikin shekara guda, kashi 65 kuma cikin shekara biyar. Wani daga cikinku ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, a zazzage takalmi kafin ya sa, ya bar tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, a shafa mai a kan faso amma ban da tsakanin yatsu, a kuma raba shi da mai yankan farce na bakin titi. Da hunturu, safa mai kauri ta maye gurbin kasko, ruwan alwala kuma a gwada ɗuminsa da gwiwar hannu.

Ranar da za ku je asibiti, ku tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha, ko da babu komai a ciki, da takalmin da ya fi sawa, saboda likita zai karanta abubuwa da yawa daga yadda ya lotsa. Ka tambaya ko jini yana isa ƙafar, ko ƙashi ya kamu, ko an ɗauki nama don gwaji kafin a zaɓi magani, da kuma yadda za a hana mikin ɗaukar nauyi idan kun koma gida. Kafin ku fito, ka roƙi a cire safar ɗaya ƙafar a duba ta ita ma, domin da zarar an hana mikin ɗaukar nauyi ita za ta riƙa ɗaukar Baba, kuma jijiyoyinta ba su fi na mai ciwon lafiya ba.